Ranin da Yaya Ya Ja Jigo da Gora

Ranar wata Lahadi ce da hantsi, a ƙarshen watan Nuwamba, shekara ta biyu bayan an gama yaƙin duniya. Muna tsaye a gaɓar kogi, gabas da ƙauyenmu, ba nisa da garin Katagum. Akwai Sarkin Lambu, dattijon da yake raba mana ƙasa da ruwa. Akwai Baffa, ƙanen mahaifinmu. Akwai yayana, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙasar Bama ba, inda ya yi aikin soja, da ni, da sauran magidanta masu rabo a lambun. Mun taru ne don kafa jigo, kamar yadda ake yi kowace shekara idan an gama yankan dawa, ruwa ya sauka ya bar baƙar ƙasa a bakin gaɓa.

Lambun ba na mutum ɗaya ba ne. Shingen ƙaya ɗaya ne ya kewaye shi, ƙofa ɗaya, jigo ɗaya. A ciki kowane magidanci yana da jerinsa, wato fangali shida a layi, daga hanyar ruwa zuwa shinge. Fangali ɗan fili ne da aka ɗaga wa gefe don ya riƙe ruwa, girmansa bai fi tabarma biyu ba. Tare muke sassabe, tare muke saran ƙaya, tare muke kora jakuna zuwa ruga mu kwaso taki. Abu ɗaya ne kawai ba a yi wa mutum, shi ne jan ruwa. Tsofaffi sun ce a da masu hali sukan kama jeri uku ko huɗu su turo barorinsu, har wanda yake kwana a bakin kogin ya rasa inda zai dasa ko albasa. Daga nan aka yanke cewa kowa ya ja ruwansa da hannunsa. Idan zazzaɓi ya kwantar da mutum ana ɗauke masa. Amma wanda ta tabbata ba zai iya ba, jerinsa yakan koma hannun Sarkin Lambu, shi kuma ya ba wani.

Mahaifinmu ya rasu Yaya yana wurin yaƙi. Ni ina da jerina tun lokacin da na yi aure, kuma ba a ba mutum ɗaya biyu. Saboda haka aka ajiye wa Yaya na mahaifinmu, ana shuka shi tare ana ba da abin da ya fito sadaka, har ya dawo. Ya dawo da hannun hagu wanda ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Yana riƙe abu da shi, yana cin aikin fartanya, amma sama ya haramta gare shi. Bai taɓa faɗa mana yadda abin ya faru ba, mu ma ba mu tambaya ba. Baffa kuwa yana da ɗa wanda ya yi aure a damina, ba shi da ko fangali ɗaya. Ban ce Baffa mugun mutum ne ba. Ya ga jeri a gefen nasa, ya ga doka tana bayansa, ya ga ɗansa yana zaune.

Jigo abu ne mai sauƙi. Gwafa biyu ake kafawa a gaɓa, a gitta itace a kansu, a ɗaura doguwar sanda a tsakiya. A kan sandar, wajen ruwa, akwai igiya da guga. A gindinta akwai ƙaton curin laka. Mai ja yakan miƙa hannu sama, ya jawo igiya ƙasa hannu bayan hannu har guga ya nutse, sannan ya sassauta, nauyin laka ya ɗago masa ruwa, ya tuntsurar a hanya. Wahalar duka tana wajen jawowa ƙasa. A al'adarmu kowane gida yakan sa dunƙulen lakarsa a curin, Sarkin Lambu ya gwada nauyin, kuma daga ranar ba mai ƙarawa ko ragewa har rani ya fita.

Da aka gama ɗaurawa, kowa ya zo ya ja guga uku, don haka ake buɗe shekara. Da aka zo kan Yaya, ya miƙa dama ya jawo igiya har ƙirji, ya riƙe da hagu, ya sake miƙa dama. Igiyar jiƙaƙƙiya ce, ta suɓuce daga hagun, curin laka ya koma ƙasa ya daki gaɓa. Ya gwada na biyu, guga ya taɓa ruwa bai nutse ba. Na uku bai ma kai ruwan ba.

Sai Baffa ya gyara hularsa ya ce, "Kofur, hannun da ya rage maka ai na sara wa Bature ne. Jigo ba ya karɓar gaisuwa."

Akwai wani Babarbare a cikinmu, mai albasa, abokin wasanmu tunda mu asalinmu Fulani ne da shanu suka ƙare wa. Ya so ya kashe maganar, ya ce a bar ɗora wa yaƙi laifi, shi bai taɓa ganin Bafulatanin da ya iya jan ruwa ba ko da hannu huɗu aka ba shi. Aka yi dariya kaɗan. Yaya ya ce masa ya bari a gama rani a ga wanda albasarsa za ta yi kan ɓera. Amma ban ga dariya a fuskarsa ba.

Baffa ya juya wajen Sarkin Lambu ya yi magana a fili, cikin ladabi, ya ce kowa ya gani da idonsa, kuma yana da yaro a gida. Sarkin Lambu ya daɗe yana murza laka a yatsunsa. Daga baya ya ce ba a karɓe wa mutum ƙasa ranar kafa jigo. Ranar tsinkar tumatir ta farko, lokacin da yake tsayawa a kan kowane jeri ya tambaya ko wani yana da magana, ranar ce za a yi ta. Kafin nan, Yaya ya ja ruwansa yadda ya iya, kada kowa ya taɓa masa igiya. Da ya faɗi haka ni ya duba.

A gida Inna, mahaifiyarmu, ta so Yaya ya haƙura ya nemi aikin gadi a Azare, kamar yadda wasu tsofaffin sojoji suka yi. Ya ce ya gaji da tsayuwa a ƙofar wani. Washegari ya bi masu jakuna zuwa Azare, Inna ta ɗauka maganarta ce ta shige shi. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da doguwar gora a kafaɗa, mai kaurin damtse. Ya zauna a zaure yana sassaƙa mata gaɓoɓi da wuƙa, tazarar kamu ɗaya tsakanin kowace biyu, yana naɗa musu tsiri na fata.

Da ranar ruwansa ta zo ya kwance igiyar jigo, ya ɗaura gorar a madadinta, ya rataya guga a ƙarshenta. Igiya sai an ja ta. Gora kuwa ana iya danna ta. Ya kama gaɓa ɗaya da dama a daidai ƙirji, hagu a ƙasa wajen ƙugu, ya sakar mata nauyin jikinsa yana durƙusawa. Guga ya sauka. Ya miƙe, ya kama gaɓa ta gaba, ya sake dannawa. Guga ya nutse, laka ta ɗago shi cike, ya tuntsurar da gwiwa da dama. Ba kyan gani, kamar mai yin ruku'u ba ƙarewa. Amma ruwa ya bi hanya ya shiga fangalin mahaifinmu.

Baffa ya kai ƙara a ranar, ya ce an taɓa jigo. Sarkin Lambu ya zo ya duba curin laka, ya ga yana nan yadda ya bar shi. Ya ce abin da aka hana taɓawa laka ce, igiya kuwa kowa yana sauya ta idan ta ci. Sharaɗi ɗaya ya sa: idan Yaya ya gama ya mayar wa mutane igiyarsu.

Haka muka shiga aikin rani. Tumatirin da muke da shi a lokacin ƙanana ne, masu tsami, ba su fi ƙwan zabo ba. Inna ce mai ajiye mana iri. Takan matse nunannu a jikin igiyar kaba ta rataye a madafa, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwaro, lokacin shuka a murje igiyar a ƙwarya. Fangali ɗaya ake warewa a bakin ƙofa a reni tsiron kowa, a lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa har ya kai tsawon yatsa. Dashe kuwa sai la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, a cire shi da lakar gindinsa, a danna da babban yatsa, a ba shi ruwa nan take. Washegari duk yakan kwanta kamar ya mutu. Wanda bai saba ba yakan tsorata. Bayan kwana biyu sai ka tarar ya miƙe.

Kusan kowa yakan ba tumatir fangali huɗu, ganye biyu. Irin alayyafo ya fi gero ƙanƙanta nesa, sai an gauraya shi da yashi kafin a yayyafa, in ba haka ba ya fito a cunkushe ya kashe kansa. A kan kunyar fangali mukan sa rama da yakuwa, su ba su da fushi. Ganye shi ne yake riƙe gida kafin tumatir ya zo. Ana yankan alayyafo a bar tsawon tafin hannu a ƙasa, ya sake tohowa, a sake yanka. Yankan farko ya fi laushi, shi ake kai wa tsofaffi da masu jego. Da sassafe tsofaffin mata masu talla sukan tsaya a ƙofar shinge da ƙorai, don ba sa shiga, mu miƙa musu dami-dami da raɓa a jiki. Idan ƙwari suka faɗa wa ganye mukan barbaɗa toka tun raɓar ba ta bushe ba.

Yaya ya fi kowa daɗewa a kan jigo. Abin da muke gamawa kafin hantsi ya ɗaga, shi yakan kai kusan azahar. Wanda yake bayansa a layi yakan yi gunaguni, saboda haka ya roƙi a mayar da shi ƙarshe, ya riƙa ja cikin rana. Tafin hannunsa na dama ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Gwiwoyinsa suka kumbura a makon farko har Inna ta riƙa gasa masa da ruwan zafi. Sau da yawa na tsaya da fartanya a hannu ina kallonsa, ba abin da zan iya yi. Amma alayyafonsa ya fito baƙi ƙirin don kyau, tumatirinsa ya yi reshe ya kwanta a kan karan dawar da ya shimfiɗa masa. Babarbaren nan yakan zo ya tsaya ya ce lallai takin ne mai kyau, don ba zai yiwu a ce aikin Bafulatani ne ba.

Baffa bai sake kai ƙara ba. Ya san abin da yake jira, mu ma mun sani. Jan ruwa lokacin sanyi, kogi yana kusa, ba shi ne gwaji ba. Gwaji yana bazara.

Da zafi ya shigo kogi ya yanke ya zama tafkuna. Ruwa ya ja baya ya yi ƙasa, har guga ya daina kai masa. A irin wannan lokaci mukan haƙa hanya a cikin yashi mu jawo ruwa zuwa gindin gaɓa, mu kafa jigo na biyu a can ƙasa. A tsakiyar gaɓa ana haƙa rami a shafe shi da laka. Na ƙasa yana zubawa a ramin, na sama yana ɗiba daga ramin yana zubawa a hanya. Mutum na uku yana cikin lambu da fartanya, yana buɗe fangali yana toshewa. Uku-uku ake haɗa mu, masu jeri maƙwabta, a shayar da jeri ukun a tashi ɗaya, ana sauya matsayi kowace rana. Jerin mahaifinmu yana tsakanin na Baffa da nawa. Ba wanda ya shirya haka, tun zamaninsu yake.

Ramin nan ba ya ɓoye wa kowa asiri. Idan na ƙasa ya gaza, rami ya bushe, a ga na sama yana tsaye ba aiki. Idan na sama ya gaza, rami ya cika ya tumbatsa, ruwa ya koma ya zubo wa na ƙasa a ka. Ko daga ƙofar shinge ana iya gane wanda ya kasa. Kuma a lokacin tumatir yana cikin fure, wasu sun fara ɗaura 'ya'ya. Idan ya yi ƙishi sau ɗaya a wannan zafi, furen yakan zube, aikin rani ya tafi.

Ranar farko Yaya ne a ƙasa, Baffa a sama, ni da fartanya. Sarkin Lambu ya zo ya shimfiɗa buzunsa a inuwar wata tsamiya a bakin gaɓa, wai yana gyaran kwando. Mutane da ba ranar ruwansu ba ce suka samo wa kansu aiki a kusa. Ƙasan gaɓa wuri ne da iska ba ta shiga, yashi yana mayar da zafi, ƙafa tana cikin taɓo.

Baffa ya fara da ƙarfi. Mutum ne mai ƙashi, yana jan jigo tun ba a haife mu ba. Kafin Yaya ya zuba guga ɗaya ya kwashe biyu. Ba a jima ba gugansa ya kankari lakar gindin rami. Ya saki igiya, ya zauna a kan gaɓa, ya miƙe ƙafa.

Ya leƙa ƙasa ya ce, "Kofur, ko in je gida in sha fura in dawo?"

Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, "A sha lafiya, Baffa. A rage mini."

Sau uku haka tana faruwa kafin hantsi. Ruwa yana zuwa mini a yanke, ya jiƙa rabin fangali ya tsaya. Ina ganin mutane suna duban juna. Na duba Sarkin Lambu, idonsa yana kan kwando.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, Yaya bai ƙara sauri ba, bai kuma rage ba. Mai jan igiya da damtse yake aiki, damtse kuwa yana gajiya. Shi da nauyin jikinsa yake dannawa, kuma ya shafe rani yana yin haka a tsakar rana, lokacin da mu muke inuwa. Da rana ta take, zaman Baffa ya ƙare. Rami ya daina bushewa. Ruwa ya riƙa zuwa mini ba yankewa, na gama jerin Baffa, na shiga na Yaya. Da na ɗaga kai na ga rigar Baffa ta manne a bayansa, yana jan igiya yana tsayawa a rabi ya ja numfashi. Ruwan rami ya wuce rabi. Can ya kai saura tafin hannu. Masu aikin ƙarya a kusa suka ajiye fartanyoyinsu. Sarkin Lambu ma ya ajiye kwando.

Na san abin da nake so a lokacin, ba zan ɓoye ba: ina so ramin ya tumbatsa. Guga kaɗan ya rage. Da ya zubo, maganar jeri ta mutu a ranar, kuma ƙauye ya sami abin faɗa a kan Baffa har ƙarshen ransa, dattijon da mai hannu ɗaya ya cika wa rami.

Yaya ya ɗago guga cike, ya kai shi bakin rami, ya dubi ruwan. Sai ya mayar da gugan ƙasa ya zubar a inda ya ɗebo. Ya jingina gorar, ya ɗaga murya yadda na tsamiya za su ji.

"Baffa, a yi mini haƙuri kaɗan. Hannun nan ya motsa. Ƙane, kawo mini ruwa in sha."

Wannan maganar ta gazawar hannu ita ce kalmar da bai taɓa furtawa ba tun da ya dawo, kuma ita ce kalmar da Baffa yake bukata. Ya faɗe ta a gaban Sarkin Lambu da shaidu. Na ɗebo ruwa a tulu na sauka gaɓa, raina a ɓace. Ya karɓi ƙwaryar da hannun hagu, cike take, ko ɗigo bai zuba ba. Ya sha a hankali. Ya wanke fuska, ya kwance tsirin fata ɗaya a jikin gorar wanda ba abin da ya same shi, ya sake naɗawa. A sama ina jin gugan Baffa yana shiga yana fita, har ruwan rami ya koma ƙasa da rabi. Sannan Baffa ya tsaya shi ma, ya nemi ruwa.

Na ce wa Yaya ƙasa-ƙasa ya san abin da ya yi kuwa. Ya miƙo mini ƙwarya ya ce in koma bakin aikina, fangali na uku yana jira.

Muka ƙarasa bayan azahar. Jeri uku duka suka sha. Da Inna ta ji labari wajen maƙwabta ta tambaye shi ko da gaske hannun ya tashi, ya ce mata ya ɗan yi. Ni ban sake tambayarsa ba. Na ga yadda ya riƙe ƙwaryar, ya ishe ni.

Sauran bazara muka yi ta juyawa mu uku. Ran da Baffa yake ƙasa Yaya yana sama, ran da nake ƙasa, haka dai. Rami bai tumbatsa ba ko sau ɗaya, bai kuma ƙara bushewa ba. Baffa ya daina fara aiki da gudu. Ya kuma daina cewa Kofur, ya koma kiransa yadda yake kiransa tun yana yaro. Amma ɗansa yana nan ba jeri, kuma maganar da Yaya ya faɗa tana nan a kunnen mutane. Wasu sun ce ya yi ta ne don kunya, wasu sun ce hannun ne da gaske, kuma wanda ya nemi hutu a rana ta farko me zai yi baɗi. Ban san inda Baffa zai faɗa ba.

Tumatir ya nuna kusan a tare, don a mako ɗaya aka dasa shi. Daga ƙofar shinge ja kake gani a ƙarƙashin ganye, jeri bayan jeri, da ƙanshin nan mai kaifi da yake kama hannu ya ƙi fita. Ba mai tsinka ko ɗaya kafin ranar da aka sa. Ranar kowa ya zo da kwandunansa tun da safe, mata da yara suka taru a bayan shinge da wuƙaƙe da tabarmi, don abin da kasuwar Katagum ba za ta ɗauke ɗanye ba a ranar ake tsaga shi biyu a shanya a kan yashi ya zama kauɗa, a kai Azare a buhu.

Sarkin Lambu ya fara daga ƙofa. A kan kowane jeri yakan tsaya, ya tura yatsa a ƙasa, ya ɗaga reshe ya duba, ya ce, akwai mai magana? In ba kowa, ya tsinki ɗaya ya jefa a kwandon mai jerin, shi ke nan an buɗe masa. Ya wuce na Baffa. Ya zo na mahaifinmu. Yaya yana tsaye a bakin hanyar ruwa, hannu a baya, kamar a fareti. Sarkin Lambu ya tura yatsa, ya ɗaga reshe, ya daɗe fiye da yadda ya yi a sauran. Ya yi tambayarsa. Duk aka juya wajen Baffa.

Baffa ya tako ya shiga fangalin farko. Ya tsinki ganyen alayyafo ɗaya daga na gefe ya murza, ya ce Yaya ya bar shi har ya tsufa, ya kamata a ce an yi yanka na uku tun makon jiya. Ya ce karan da ya shimfiɗa wa tumatir ya yi kaɗan, ga wasu suna taɓa ƙasa, ubansa ba haka yake yi ba. Sarkin Lambu ya ce ba wannan ya tambaya ba, maganar ruwa yake yi.

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ja da shi bazara guda. Ban taɓa jiran ruwa ba."

Kowa a wurin ya san ya jira sau uku a safiyar farko, har da zancen fura. Ba wanda ya tuna masa. Sarkin Lambu ya duƙa ya tsinki tumatir ɗaya ya jefa a kwandon Yaya, ya wuce zuwa nawa.

Muka duƙa tsinka. Ana kama shi a tafin hannu a murɗa kaɗan, ba a fizga, don reshen yana da sauran 'ya'ya. Nunannu sosai gefe ɗaya don shanya, masu ɗan ƙarfi gefe ɗaya don kasuwa, ana shimfiɗa ganyen rama a gindin kwando kada su fashe. Yaya yana tsinka da dama, yana tarawa a hagu a jikin ƙirjinsa. Ban ga ya dubi kowa ba. Babarbare ya zo wucewa ya ɗauki ɗaya a kwandonsa ya ciza, ya yamutsa fuska ya ce tsami kamar mai shi, ya ƙara ɗaukar biyu. Kafin la'asar yashin kogi ya yi ja tun daga gindin gaɓa har bakin ruwa, yara suna korar awaki. Kwandon farko na jerinsa, Yaya ya ɗora shi a kansa ya kai gidan Baffa, kamar yadda ake kai wa uba. Matar Baffa ce ta karɓa, shi yana masallaci.

Shekarar da ta biyo baya aka matsar da shinge wajen arewa, aka sare sabon wuri, ɗan Baffa ya sami jerinsa a can. Yaya ya ci gaba da jan ruwansa a jerin mahaifinmu har tsakiyar shekarun hamsin, lokacin da kogi ya sauya hanya a wata damina ya cinye gaɓar, aka tashi lambun zuwa yamma da gari.